Mai Tsaron Iyaka da Mai Bin Taro: Baƙaƙen Tsuntsaye Biyu na Amurka

A tsakiyar jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani kwari mai faɗi, tsawonsa kimanin kilomita 700, wanda ke ciyar da ƙasar da madara da shinkafa da kayan lambu. Idan watan Afrilu ya kama, a bakin fadamun wannan kwari mutum zai iya ganin baƙaƙen tsuntsaye iri biyu a kan kacalla, ya rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba su kai kurciya girma ba, bakinsu mai tsini ne, kuma kowane namiji yana da jan tabo a kafaɗa. Sai an kafa ido sannan bambancin zai fito. Na farko jan nasa mai haske ne, da ɗan layin ruwan ɗorawa a ƙarƙashi. Na biyu jan nasa ya fi duhu, layin da ke ƙarƙashi kuma fari ne fat. Don ƙarin ruɗani, na farkon da ke zaune a wannan kwari sau da yawa ko layin ɗorawar ba shi da shi, ja ne zalla.

Masana suna kiran na farko Agelaius phoeniceus, na biyu Agelaius tricolor. Mu kira su Jar-kafaɗa da Launi-uku don sauƙin magana. Jar-kafaɗa yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a Arewacin Amurka, ƙiyasin yawansa yana tsakanin miliyan 150 zuwa 180. Launi-uku kuwa, ƙidayar da aka yi a 2022 ta samu kimanin 218,000 a duk faɗin Kalifoniya, kuma kusan duk wanda ya rage a duniya a jihar yake, in ban da tsiraru a Oregon da Washington da Nevada da arewa maso yammacin Meziko. Ga jini ɗaya, ga abinci kusan ɗaya, ga fadama ɗaya, amma ɗaya ya cika nahiya, ɗayan yana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne yake zama da 'yan uwansa lokacin kiwon 'ya'ya.

Zuriyar tasu ba ta da yawa. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Louis Vieillot, shi ya raɗa mata suna a 1816, kuma a yau iri biyar ake lissafawa a cikinta. A da sun fi haka, sai binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa waɗanda ke Kudancin Amurka dangin nesa ne, aka mayar da su wasu zuriyoyin. Ukun da suka rage ban da namu biyu duk 'yan tsibiri ne. Akwai na fadamun yammacin Kyuba, wanda aka daɗe ana ɗauka reshen Jar-kafaɗa ne, ga shi kuwa macensa baƙa ce wuluk kuma yawanci mace ɗaya yake zama da ita. Akwai mai kafaɗa ruwan ƙasa, a Kyuba da Haiti. Akwai kuma mai kafaɗa ruwan ɗorawa na Puerto Rico, wanda ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa tun 1976, saboda wani tsuntsu baƙo da ke saka ƙwai a sheƙarsa ya bar masa reno.

Jar-kafaɗa mafaɗaci ne, kuma ba ya ɓoye hakan. Maza kan riga mata isowa fadama, kowanne ya kama yankinsa. Ga yadda yake yi: ya hau kan kara mafi tsayi, ya sunkuyar da kai, ya buɗe fuka-fuki, ya baje jela, ya kumbura jan kafaɗar nan har ya tashi tsaye, sannan ya saki wani kuka mai gaɓa uku da ke ƙarewa da karkarwa. Haka zai wuni. Hankaka ya gifta, ya bi shi. Shaho ya gifta, ya bi shi. Zalɓe, doki, mai keke, duk wanda ya matso kusa da sheƙa zai ji sara a ƙeya. Abin sha'awa kuma, idan ya shiga yankin wani don satar abinci, sai ya rufe jan da baƙin gashi ya lallaɓa kamar ba shi ba.

A 1972 masu bincike biyu, Frank Peek da Douglas Smith, kowanne a nasa aikin, suka kama maza suka shafe jan kafaɗar da baƙin fenti suka sake su. Yawancin waɗanda aka shafe ba su iya riƙe yankinsu ba, maƙwabta suka yi ta kutsowa har suka ƙwace. Waɗanda aka kama aka sake ba tare da an taɓa jan ba, kusan duk suka ci gaba da mulkinsu. Ashe jan nan gargaɗi ne ga sauran maza kafin ya zama ado ga mata.

Namijin da ya samu yanki mai kyau yakan tara mata da yawa, an taɓa ƙirga har goma sha biyar a yanki ɗaya. Macen ba ta kama da shi: ruwan ƙasa ce mai zane-zane, ta fi shi ƙanƙanta, mai kallo na iya ɗauka wani tsuntsun ne daban. Ita ke saƙa sheƙa a tsakanin karan kacalla, ta saka ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta kansu kwana goma sha ɗaya zuwa sha uku. A nan akwai abin dariya. Da aka fara gwajin ƙwayoyin gado wajen 1990, sai aka tarar daga kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabin 'yan tsakin da ke yankin namiji ba nasa ba ne, yawanci na maƙwabcinsa ne. Duk ihun nan da yake wuni yana yi bai hana komai ba, sai dai shi ma yana yi wa maƙwabcin irin abin da ake yi masa.

Amma ba faɗan ne ya sa ya yi nasara ba, a ganina. Rashin zaɓe ne. Daga Alaska da Kanada har Florida da Meziko da arewa maso yammacin Kosta Rika, duk inda ruwa ya ɗan kwanta ciyawa ta yi tsayi, ya samu gida. Kwalbatin gefen hanya ya ishe shi. Kududdufin bayan masana'anta ya ishe shi. Gonar harawa ma ya karɓa. Da yake kowane namiji yana korar ɗan uwansa, dole su bazu, kuma bazuwar ita ce kariyarsu. Injin yankan ciyawa ya bi ta gona ɗaya ya lalata sheƙoƙi ashirin, akwai miliyoyi a wasu wuraren da bai taɓa ba.

Launi-uku ya bi wata hanyar. Babu wani tsuntsun tudu a Arewacin Amurka a yau da ke tara sansanin kiwo mai girman nasa. Dubbai suke sauka a fili ɗaya cikin kwanaki kaɗan, sheƙa kusa da sheƙa, wani lokaci tazarar ba ta kai tsawon hannu ba. Yankin da namiji ke karewa bai wuce 'yan taku ba, kuma bayan kwanakin neman aure ba ya damuwa da shi sosai. Kukansa ma babu daɗi, wani irin gurnani ne ta hanci, idan dubbai suka haɗa baki sai a ji su daga nesa. Matan kan saka ƙwai kusan a mako guda, su ƙyanƙyashe kusan tare. Daga nan sai a ga layin tsuntsaye a sama ba ya yankewa, masu fita da masu dawowa, suna tafiyar kilomita da yawa zuwa makiyaya da gonakin ciyawar dabbobi, suna dawowa da fara da tsutsa a baki. Idan sun gama a kudancin kwarin, wato yankin San Joaquin, a watannin Maris da Afrilu, da yawansu kan tashi su nufi arewa, yankin Sacramento mai shinkafa, su sake sabon kiwo a Mayu da Yuni.

Wani masani, Gordon Orians, ya zauna ya kwatanta waɗannan tsuntsaye biyu a wani dogon nazari da ya wallafa a 1961. Bayaninsa har yau yana da ƙarfi. Jar-kafaɗa ya dace da inda abinci yake a warwatse amma ba ya yankewa, don haka akwai riba a kama yanki a tsare. Launi-uku ya dace da tsohuwar Kalifoniya, inda ƙanƙarar duwatsu ke narkewa ta malale kwarin, fara ta ɓarke a nan bana, baɗi ta ɓarke a can. Abincin da ke zuwa tuli guda a wurin da ba a san shi ba, ba a tsaronsa. A nemo shi tare, a cinye tare, a yi 'ya'ya da sauri kafin ya ƙare. Taron kuma shi ne maganin maƙiya, domin maciji ko zalɓe ko dila ba zai iya cinye 'yan tsaki dubu ɗari cikin mako biyu ba. Shi ya sa Launi-uku bai koyi faɗa ba. Maƙiyi ya shigo sansani, iyayen yawanci sai su ja gefe su zuba ido.

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ƙarnuka da yawa maganar ta yi daidai a kan wannan tsuntsu. A shekarun 1930, wani ma'aikacin gwamnatin tarayya mai suna Johnson Neff, wanda aikinsa ya shafi ɓarnar tsuntsaye a gonaki, ya zagaya kwarin yana ƙirga sansanoni. A gundumar Glenn ya samu guda ɗaya mai sheƙoƙi kimanin 200,000. A sake duba wannan adadi: iyayen da ke sansani ɗaya a wancan lokaci sun fi duk Launi-ukun da aka ƙirga a jihar a 2022. A zamanin Neff ana maganar miliyoyi ne, ana harbinsu a kai kasuwa, ana zuba musu guba a gonakin shinkafa, ba wanda ya yi tunanin za su iya raguwa.

Sharaɗin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, sai yawan yana da wurin zama. An janye koguna zuwa noman rani, an daddatse ruwa, an cike fadamu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na fadamun kwarin sun tafi. Tafkin Tulare, wanda a da babu tafkin ruwan daɗi mai faɗinsa a yammacin kogin Mississippi, ya ƙafe ya zama gonaki, sai shekarar ambaliya irin 2023 yake ɗan leƙowa. Makiyayan da ke haifar da fara kuma aka mayar da su gonakin inabi da itatuwan almon, aka bi su da feshi. Jar-kafaɗa da ya rasa babbar fadama sai ya koma kwalbati. Launi-uku ba zai iya ba, domin kwalbati ba ya ɗaukar tsuntsu dubu hamsin, shi kuma ba ya kiwo shi kaɗai.

Sai ya samu abin da ya yi kama da mafita. Kalifoniya ta fi kowace jiha a Amurka samar da madara, kuma manyan gidajen shanun suna kudancin kwarin. Masu su kan shuka wani hatsi da ake kira tiritikal, wanda aka samu ta haɗa alkama da wani ɗan uwanta na ƙasashen sanyi. Karansa yana da ƙarfi, yana tsayi, yana yin duhu, ga ruwan ban-ruwa a kusa, ga tulin abincin shanu a buɗe, ga gonakin ciyawa masu ƙwari. A idon tsuntsu wannan fadama ce da ta fi fadama. Dubbai suka koma can, har a wasu shekaru waɗanda suka yi sheƙa a irin waɗannan gonaki suka doshi rabin duk jinsin.

Matsalar ita ce ba a barin tiritikal ya bushe. Ɗanye ake yankansa a daddatsa a adana wa shanu, kuma lokacin yankan, Afrilu zuwa Mayu, shi ne daidai lokacin da 'yan tsaki ke cikin sheƙa ba su yi gashin tashi ba. Daga ginin sheƙa zuwa tashin 'ya'ya sansani na bukatar kimanin mako shida. Injin girbi kuwa wuni ɗaya ya ishe shi ya share gona. Hatsin da aka tara a rumbu ɗaya, gobara ɗaya ke cinye shi. Kuma ban ga laifin manomin ba. Idan ya jinkirta yanka, abincin ya tsufa ya rage amfani, madara ta ragu, masarar da zai shuka a bayansa ta makara. Ba shi ya gayyato su ba.

Akwai wani maƙiyin kuma da mai karatu ya sani sarai: balbela. Ita dai ba 'yar Amurka ba ce. Daga Afirka ta tsallaka teku da kanta zuwa Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ta fara kiwo a Florida a 1953, daga baya ta kai Kalifoniya, ta tarar da shanu ta zauna. A gundumar Tulare an ga garken balbelu suna bin sansanin Launi-uku suna zare 'yan tsaki daga sheƙa ɗaya bayan ɗaya, har sansanin ya tashi kusan babu abin da ya tsira. Da Jar-kafaɗa ne da sun sha sara. Dabarar barin maƙiyi ya ci ya ƙoshi tana aiki ne idan maƙiyin ɗaya ne ko biyu, sansanin kuma babba. Idan sansani ya ƙanƙance, maƙiyin kuma ya zo da nasa taron, lissafin ya rushe.

Alƙaluman sun nuna hakan. Ƙidayar da masu sa-kai ke yi a faɗin jihar ta samu kimanin 395,000 a 2008, ta sauko kusan 258,000 a 2011, ta faɗo 145,000 a 2014. Cikin shekara shida kusan kashi biyu cikin uku sun tafi. A watan Disamban 2014 hukumar kula da namun daji ta jihar ta ba shi kariyar gaggawa, a 2018 kuma ta amince a saka shi cikin jerin halittun da ke cikin barazana. Gwamnatin tarayya ta duba a 2019 ta ce bai kai ga shiga nata jerin ba. A gefe guda aka shirya biyan manoma diyya su jinkirta yanka har 'yan tsaki su tashi, da haɗin gwiwar ma'aikatar gona ta tarayya da ƙungiyar Audubon da ƙungiyoyin masu shanun madara. Adadin ya ɗago zuwa kusan 178,000 a 2017, sannan 218,000 a 2022.

Manomin gero a Yobe ko Jigawa da ya sha fama da jan-baki zai yi mamakin jin ana biyan kuɗi don a ceci tsuntsu mai cin hatsi a garke. Kamannin kuwa na gaske ne: jan-baki ma a sansani yake kiwo, tare yake ƙyanƙyasa, yana bin ruwan sama ya sake kiwo a wani wurin, yana kuma fakewa a kacallar fadamun Haɗeja da Nguru. Bambancin shi ne dajin Afirka da ciyawarsa har yanzu suna ɗaukarsa, shi ya sa ake ƙiyasta shi da fiye da biliyan ɗaya. Amurkawa kuwa sun taɓa ganin ƙarshen irin wannan yawa. Suna da wata tattabarar daji da garkenta ke rufe rana, ana lissafa ta da biliyoyi, ita ma mai kiwo a sansani. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Tsuntsun taro ba ya raguwa sannu a hankali yadda ido zai lura. Wanda ya tsaya bakin sansani ɗaya zai ga dubbai ya ce lafiya lau, bai san cewa abin da yake kallo wani babban yanki ne na duk abin da ya rage ba.

To shi Jar-kafaɗa fa, ya tsira ke nan? A nan ne kwatancin ya ƙi tafiya yadda mutum zai so. Bayan kiwo, mafaɗacin nan yakan ajiye faɗa ya shiga garke shi ma, wani lokaci miliyoyi a makwanci ɗaya tare da wasu tsuntsayen. Yana faɗa wa gonakin furen-rana da ake tatsar mai a Dakota ta Arewa, da shinkafa a Louisiana da Arkansas, da masara tun tana ɗanya. Saboda haka dokar tarayya ta halatta kashe shi ba tare da neman izini ba idan yana ɓarna, ana kuma korarsa da bindigar gas mai ƙara, ana saka masa guba. Ba a cika tuna farar da tsutsar da yake kwashewa lokacin kiwo ba. A daren shiga shekarar 2011, dubbansu suka zubo matattu a garin Beebe na Arkansas, bayan ƙarar wasan wuta ta tashe su cikin duhu suka yi ta karo da gidaje da wayoyi. Duniya ta yi surutu kwana biyu. Amma binciken da mujallar Science ta wallafa a 2019, wanda ya nuna Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970, ya sa asarar Jar-kafaɗa kaɗai a kimanin miliyan 92. Wannan ya ninka duk Launi-ukun da ke raye sau ɗari huɗu, kuma ba a yi masa taron gaggawa ba, domin har yanzu akwai guda a kan kowane kwalbati.

Kamannin nasu ma ya zame wa Launi-uku wata masifar. A kaka, su biyun kan cakuɗa a gonakin shinkafar Sacramento. Doka ta ba da damar harbin ɗaya ta hana harbin ɗayan, amma mai bindigar da ke kallon baƙin garke a sama ba shi da lokacin neman farin layi a kafaɗa.

Idan aka ce in auna su, ba zan ce dabarar ɗaya ta fi ta ɗayan hikima ba. Kowacce ta dace da ƙasar da aka gina ta a kai, sai dai mutum ya sauya ƙasar ta yadda ta fi karɓar mai warwatsuwa. Jar-kafaɗa zai iya rasa wasu miliyoyin ya ci gaba da zama, ko da yake saurin raguwar tasa ya isa a daina yi masa kallon abin da ba ya ƙarewa. Launi-uku ba shi da wannan rarar. 'Yan sansanoni kaɗan ne ke ɗauke da yawancin 'ya'yan da yake samu a shekara, kuma wasu daga cikinsu suna gonakin da mai su ke da cikakken dalilin yankewa. Diyyar jinkirta girbi ta yi aiki, a yaba mata, amma kuɗi ne da sai an sake nemowa kowace shekara, kuma tana barin tsuntsun a wurin da bai kamata ya dogara da shi ba. Abin da zai ɗore shi ne a ware masa fadamu masu faɗi da ruwa a cikinsu daga Maris zuwa Yuli, da kacalla sabuwa, da makiyaya marasa feshi a kusa. A jihar da ake rigima kan kowane ɗigon ruwa wannan ba ƙaramar bukata ba ce, amma in za a zaɓi inda za a fara kashe kuɗi tsakanin su biyun, Launi-uku ne ba zai iya jira ba.